Bulokcen a Kan Allo, Littafin Akawu a Cikin Durowa

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin IBM suka ba da sanarwar rufe TradeLens, dandalin da suka ƙaddamar a 2018 don bin sawun kwantenoni da takardunsu ta fasahar bulokcen, wato rajistar kwamfuta da ɓangarori da yawa ke riƙe da kwafinta. Zuwa farkon 2023 an kashe shi. Ba su ce na'urar ta lalace ba. Abin da suka ce shi ne ba a samu haɗin kan masu harkar yadda ake so ba, saboda haka dandalin bai kai ga ciyar da kansa ba. Maersk kuwa ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne, ya yi shekara da shekaru yana riƙe da kambin jigilar kwantena a duniya.

Ciwon da suka so warkarwa na gaske ne. A 2014 Maersk ya bi diddigin wani kaya na fiya da furanni daga Mombasa ta Kenya zuwa Rotterdam ta ƙasar Holand, ya tarar kayan sun ratsa ta hannun mutane da hukumomi kusan 30, an kuma yi musayar takardu da saƙonni sama da 200 kafin su isa. Duk wanda ya taɓa jiran a sallami kwantenarsa a Apapa ba sai an yi masa dogon bayani ba. To amma kamfanonin da aka gayyata cikin TradeLens abokan gogayyar Maersk ne. Manya irin su MSC da CMA CGM da Hapag-Lloyd sun ce sun shiga a 2019, sai dai wane ɗan kasuwa ne zai zube sirrin cinikinsa kaf a rumbun da kishiyarsa ke da hannu a mallakarsa? Ga kuma dokokin ƙasashe da yawa waɗanda takardar lodin jirgi ta hannu kaɗai suka sani. Birtaniya ma sai a 2023 ta yi dokar da ta daidaita matsayin ta kwamfuta da ta takarda. Ma'aikacin ofis sai ya wayi gari da aiki biyu: ya cika takardar da kwastan da banki suka yarda da ita, sannan ya shigar da abu guda a sabon dandali don shugabanni su ga ana ci gaba.

Makokin TradeLens bai dame ni ba, wanda ya mutu kowa ya san ya mutu. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalina su ne tsare-tsaren da har yanzu ake cewa suna aiki, ana nuna su a taruka, alhali in ka shiga sito ko ofishin saye za ka tarar ma'aikata sun daɗe da buɗe wa kansu ɓarauniyar hanya. Ra'ayina shi ne waɗannan hanyoyin kewaye ba rashin ɗa'a ba ne da za a magance da horo ko barazanar kora. Su ne suke nuna daidai inda aka ɗora wa mara ƙarfi kaya ba tare da lada ba. Kamfanin da ya ɓoye su ya sayi rajistar da ke ba da tabbacin ƙarya, kuma hakan ya fi rashin rajistar muni.

Abin da bulokcen ke yi ba shi da wuyar ganewa. Rajista ce ta kwamfuta wadda kwafinta ke hannun ɓangarori da yawa a lokaci guda, kuma kowane sabon shafi ana ƙulla shi da wanda ya gabace shi ta wata lamba ta lissafi. In wani ya koma ya taɓa tsohon rubutu, lambobin ba za su ƙara dacewa ba, asirinsa ya tonu. Da kuɗin Bitcoin aka fara ta a 2009, kuma a can ta yi abin da aka ƙera ta dominsa, don kuɗin Bitcoin a cikin rajistar yake rayuwa, ba shi da wani jiki a waje. Buhun riɗi kuwa a waje yake. Yana da nauyi, yana da ƙura, ana iya farke shi a juye a wani. Sai wani ɗan Adam ya dube shi ya gaya wa rajista abin da ya gani. Rajistar na iya rantsuwa cewa ba a canza abin da aka gaya mata ba. Ba ta da ikon rantsuwa cewa gaskiya aka gaya mata.

Na ga yadda wannan ke kasancewa a siton wani kamfanin fitar da riɗi a Kano. Mai sayensu na ƙasar waje ya sa sharaɗin a riƙa shigar da kowane saye a manhajarsa tun daga kasuwar ƙauye: sunan manomi, ƙauyensa, nauyin kaya, ranar saye. Aka raba wa wakilan saye wayoyi, aka yi musu bita. Ranar da na shiga, wata Asabar da la'asar, wayoyin suna cikin durowar akawu, kowace an manna mata takarda da sunan wakilin da aka ba wa. Akawun, wani matashi mai natsuwa, ya buɗe wani littafi mai baƙin bango da duk gefensa ya yi maiƙo, ga kuma hotunan rasit da wakilai suka turo masa ta WhatsApp. Sai ya ɗauki waya ɗaya ya shigar da cinikin mako guda da sunan mai ita, ya ajiye, ya ɗauki ta gaba.

Na ce, "Malam, ashe ba wakilan ne ke shigarwa da kansu ba?"

Ya yi murmushi bai ɗago kai ba. "Yallaɓai, a kasuwar ƙauye mutum yana riƙe da sikeli, yana ƙirga kuɗi, ga manoma sun yi layi rana na dukansu. Ya tsaya danna waya, ɗan sarin da ke gefensa ya kwashe kayan. Ga sabis babu, caji ma sai an biya."

"Alhaji ya sani?"

"Shi ya ce in dai tirela za ta tashi a kan lokaci, in yi yadda na ga ya dace."

Yaron bai saci ko kwabo ba. Alƙaluman da yake shigarwa sun yi daidai da na littafinsa, littafin kuma ya yi daidai da sikeli. Amma mutumin da ke zaune a can ƙetare yana kallon allo abin da yake gani daban ne: yana ganin wakilai uku sun shigar da bayani da hannunsu, kowanne daga wayarsa. Rajistar ta riƙe nauyin kaya daidai, ta kuma riƙe ƙarya a kan wanda ya rubuta da inda ya rubuta, ta kulle su tare ta yadda babu mai iya warwarewa. Ranar da aka samu ragowar maganin ƙwari a wata kwantena aka ce a koma baya a nemo tushe, ba allon za a duba ba. Akawun za a kira, ya buɗe durowa.

Ko da wakilin yana da sabis da caji da hannu na uku, akwai abin da ya fi ƙarfinsa, wato yadda kayan gona ke taruwa a ƙasarmu. Manomin riɗi a Jigawa ko Yobe ko Nasarawa ba tan goma yake kawowa ba. Wani buhu biyu, wani rabin buhu, wata tsohuwa tiya biyar don ta sayi magani da gishiri. Ɗan sari yana zuba su a buhu ɗaya har ya cika, ya ɗinke. A kasuwa irin ta Maigatari, wadda ke bakin iyakar Nijar, kaya na shigowa ta kowace kusurwa, dillalai su haɗa na wannan da na wancan har a yi lodin mota. A Dawanau a sake juyewa, a tace, a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, a ware fari da ja, a zuba a sababbin buhuna. Kafin kwantena ta cika, riɗin da ke cikinta ya fito daga gonaki ɗaruruwa, kuma an cakuɗa shi sau uku ko huɗu. Manhajar da ke da gurbi guda na "sunan manomi" a gaban kowane buhu tana tambayar abin da ba shi da amsa. Gurbin kuma ba ya yarda a tsallake shi. To me kake so wakili ya yi? Zai ɗauko sunan wani manomi da aka yi wa rajista a farkon kaka ya liƙa masa buhun. Nan da ƙarshen kaka sai ka ga mutum mai gona kadada ɗaya ya sayar da abin da kadada ashirin ba za ta bayar ba. Ba mugunta ta sa aka yi haka ba. Wanda ya zana manhajar bai taɓa tsayuwa a kasuwar ƙauye ranar cinta ba, ya zana ta ne da hoton manyan gonakin da manomi ɗaya ke cika tirela.

Masu harkar koko sun daɗe da sanin wannan, kuma sun yi abin da na fi girmamawa: sun faɗa a fili. Ƙungiyoyin ba da shaida irin su Fairtrade da Rainforest Alliance sun yarda da tsarin daidaita nauyi a koko. Kamfani ya sayi tan ɗari na koko mai shaida, ya cakuɗa da wani a masana'anta, amma ba zai sayar da abin da ya wuce daidai tan ɗari da tambarin shaidar ba. Ana sukar tsarin, don cakulan da ka saya da tambari ba lallai ƙwayar kokon da ke ciki ta fito daga gona mai shaida ba. Sukar tana da tushe. Amma aƙalla hanyar kewaye ce da aka rubuta, aka sa mata ƙa'ida, mai bincike ya san abin da zai duba. Ta fi sunan aro da ake liƙa wa buhu a ɓoye.

Masu tallar fasahar ba sa gajiya da labarin mangwaron Walmart, kamfanin manyan kantuna na Amurka. Frank Yiannas, wanda ke kula da lafiyar abinci a kamfanin a lokacin, ya ɗauki fakitin yankakken mangwaro ya ce wa ma'aikatansa su nemo masa gonar da ya fito. Sai da suka yi kwana 6 da awa 18 da minti 26. Bayan gwajin da suka yi da IBM, aka samu amsar cikin daƙiƙa 2.2. Labarin gaskiya ne, kuma bambancin na iya zama rai da mutuwa: a 2018 gurɓataccen latas daga yankin Yuma na jihar Arizona ya jawo wa mutum 210 rashin lafiya a Amurka, 5 suka mutu, hukumomi kuma suka sha wahalar gano gonakin. Amma mene ne ya kawo saurin? Kafin a danna maɓallin da ya ba da amsa cikin daƙiƙa biyu, sai da aka sa manomi da mai shirya kaya da mai jigila da mai sito kowa ya rubuta bayaninsa da lambobi iri ɗaya, a tsari ɗaya, ya tura wuri ɗaya. Wannan shi ne aikin, kuma da a rumbun bayanai na yau da kullum aka zuba shi, amsar ba za ta yi jinkiri ba. A watan Satumba na 2018 Walmart ya rubuta wa masu kawo masa ganyayyaki cewa su shiga tsarin cikin shekara guda. Umarni ne, wanda bai bi ba ya san inda kasuwarsa za ta nufa. Walmart na da sandar da Maersk ba shi da ita a kan abokan gogayyarsa.

Sandar kuwa tana sa a yi biyayya, ba ta sa a yi da zuciya ɗaya. Riba daga bin sawun kaya tana taruwa ne a sama: babban kanti ya kare sunansa, ya rage asarar janye kaya, ya manna lambar da mai saye zai haska da waya ya ga hoton manomi yana murmushi. Wahalar shigar da bayani tana ƙasa, wajen wakili da akawu da sakataren ƙungiyar manoma, mutanen da ba a ƙara musu ko sisi a kan kilo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk inda aka raba aiki haka, na ƙasa zai nemi hanya mafi sauƙi da za ta sa allon na sama ya nuna kore. Zai tara aikin mako ya yi a zama ɗaya. Mutum biyar za su riƙa shiga da lambar sirri ɗaya. Babban kamfani zai ce wa ƙananan masu kawo masa kaya su turo da Excel kawai, yaransa za su shigar musu. Kuma a kusan ko'ina tsohon tsarin yana nan daram a gefe, don da shi ake biyan kuɗi, da shi ake sasanta rigima.

Akwai wata kewayar da ba ma'aikata ke yi ba, injiniyoyin da kansu ke yi. An ce rajistar ba ta gogewa, to amma mutane na kuskure: a rubuta kilo 500 a maimakon 50, ko a sa lambar wata mota. Sai a ƙara sabon rubutu mai gyara na farko, allo kuma ya riƙa nuna na ƙarshen kaɗai. Sannan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da tamu ta Najeriya ta 2023, sun ba mutum damar neman a goge bayanansa. Yaya za ka goge sunan manomi da lambar wayarsa daga rajistar da ba ta gogewa? Mafitar da aka saba bi ita ce a ajiye ainihin bayanan a rumbun kamfani, a sa wa bulokcen ɗin lambar shaidarsu kawai. Sirrin farashi ma haka, babu mai son abokin gogayya ya gani. A wasu tsare-tsaren kuma, kwamfutocin da aka ce suna hannun ɓangarori daban-daban kamfanin manhaja ɗaya ne ke tafiyar da su duka, don ƙananan ba su da ma'aikatan da za su kula da nasu. In ka cire wannan ka cire wancan, abin da ya saura rumbun bayanai ne na kamfani guda, mai tsada, da sabon suna a goshi.

Kada a ɗauka duk wata kewaya nake wankewa. Ta akawun can na Kano tana ƙoƙarin kai gaskiya inda manhaja ta kasa kai ta. Akwai wadda aikinta shigar da haram cikin halal. A gabashin Kwango ana amfani da tsarin ITSCI, inda ake ɗaure wa buhunan kuza da tantalam da makamantansu lamba tun daga bakin rami, don a tabbatar ba daga wuraren da 'yan bindiga ke riƙe da su suka fito ba. A 2022 ƙungiyar Global Witness ta fitar da rahoto tana zargin cewa ana kawo ma'adinai daga ramukan da ba a tantance ba a ɗaura musu lambar waɗanda aka tantance. Masu tsarin sun musanta. ITSCI ba bulokcen ba ne, amma irin wannan lamba ta bakin rami ita ce abincin da duk wata rajistar bulokcen ta ma'adinai ke ci, har da irin gwajin da kamfanonin Ford da IBM da LG Chem da Huayou suka sanar a 2019 kan ma'adinin kobalt na Kwango. In aka ɗaura lambar gaskiya a buhun ƙarya, duk kwamfutocin duniya za su taru su tabbatar da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyoyin biyu ta ƙofa ɗaya suke shiga. Durowar da wayoyi uku ke kwance a cikinta don sauƙaƙa aiki, ita ce gobe wani marar tsoron Allah zai buɗe ya shigar da kayan da aka yi wa feshi ba bisa ƙa'ida ba da sunan manomin kirki. Muddin shugabanni na kawar da kai daga ta farko don jadawalinsu ya yi kyau, ba su da idon ganin ta biyu.

Masu goyon bayan fasahar suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa rajistar da ba ta gogewa tana hana a koma a gyara tarihi bayan matsala ta ɓulla, wanda ya rubuta ƙarya ya bar sawunsa har abada. Haka ne, in dai shi ɗin ne ya rubuta da lambarsa; in biyar ke amfani da lamba ɗaya, sawun wa aka bari? Suna kuma cewa ɗokin bulokcen ne ya sa shugabannin kamfanoni suka saki kuɗin gyara bayanan da suka yi shekaru suna watsi da su. Wannan ma na yarda, kuma ina jin ita ce babbar ribar da aka samu. Inda ɓangarori masu ƙarfi daidai wa daida, waɗanda ba su yarda da juna ba, suke son rajistar da babu mai riƙe da makullinta shi kaɗai, fasahar na da gurbi. Amma tsakanin babban mai saye na Turai da tsohuwa mai tiya biyar ba wannan ce matsalar ba.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne ƙofofin kasuwa suna ta ƙara matsewa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin DDVP, irin wanda ke cikin fiya-fiya, bayan an yi ta samun abin da ya ninka iyakar miligiram 0.01 a kilo sau da yawa. Aka yi ta tsawaita haramcin. A 2023 kuma Tarayyar ta yi dokar hana sayen kayan da aka sare daji aka noma, wadda ta shafi koko da gahawa da waken suya da roba da manja da katako da shanu. Dokar na neman a nuna ainihin wurin gonar a taswira, a kuma tabbatar ba a sare dajin wurin bayan 31 ga Disamba 2020 ba. An ɗage ranar fara aiki da ita daga ƙarshen 2024, amma alƙiblar a bayyane take. A watan Mayu na 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen. Haɗa waɗannan uku, ka san masu jakar kwamfuta suna nan tafe zuwa ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa da alkawarin cewa ga maganin korar kayanmu.

Kafin a sa hannu a kwangila, a lura cewa dokar Turan ba ta ce sai da bulokcen ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma, a ƙa'idar bin sawun abinci da ta fitar a 2022, abin da ta nema shi ne in ta tambaya a miƙa mata bayanai cikin awa 24, a jadawalin kwamfuta da za a iya tantancewa. Wato irin abin da akawunmu ke iya haɗawa da littafinsa da Excel. Wake kuma ba rashin rajista ya sa aka kore shi ba. Guba aka samu a ciki, wadda ake zubawa a sito don ƙwari, kuma maganin wannan buhunan da ba sa shan iska ne, da wayar da kan masu ajiya, da ɗakin gwaji da zai duba kaya kafin su bar Kano.

Muna da misalin gida na tsarin da mutane suka runguma ba tare da sanda ba. A 2010 NAFDAC ta fara tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta saƙon tes, amsa ta dawo ko na gaske ne ko jabu. Ba shi da wata fasaha mai ban tsoro, ƙaramar waya ma ta isa. Yana da nasa raunin, amma wanda ke yin wahalar kankarewa shi ne mai cin amfanin, uwar da ke son ta san abin da za ta ba ɗanta. Wannan ma'aunin nake so a ɗora wa duk wani tsarin bin sawun kayan gona: wanda zai danna wayar, me zai samu a ranar?

Da ni ke ba kamfanin fitar da kaya shawara, da na ce ya fara da zama da akawu da wakilai, ba tare da manaja a ɗakin ba, ya tambaye su yadda ake yi da gaske, da alkawarin babu wanda za a hukunta. Abin da suka faɗa shi ne ainihin tsarin kamfanin. Daga nan a halatta abin da ya halattu. In akawu ne zai shigar, a ba shi lambarsa, manhaja ta rubuta cewa shi ya shigar a madadin wane, ranar kaza, daga rasit mai lamba kaza, a haɗa da hoton rasit ɗin. In buhu na mutum bakwai ne, a ba da damar rubuta cewa kayan kasuwar kaza ne na ranar kaza ta hannun ɗan sari wane, a daina tilasta sunan manomi ɗaya. Mai saye na waje zai ce wannan bai kai yadda yake so ba. Sai a gaya masa cewa in yana son a ware kayan kowane manomi daban, akwai kuɗin buhu, da na ɗan dako, da na wurin ajiya, da ladan wakilin da zai rasa ciniki yana rubutu, a sa su cikin farashin kilo. Sannan a riƙa gwada alƙaluma da hankali: gonar da ta ba da abin da ya fi ƙarfin girmanta a je a gani da ido, a kuma riƙa ɗibar samfuri daga lodi ana kaiwa gwaji ba tare da sanarwa ba.

Gwamnati kuma, in tana da kuɗin kashewa a wannan fanni, taswirar gonaki da rajistar manoma wadda kowane mai fitar da kaya zai iya amfani da ita ta fi amfani da sabon dandali, don yanzu kowane mai saye da tasa manhajar yake zuwa, sakataren ƙungiya ɗaya ya shigar da manomi ɗaya sau uku a wurare uku. Bayan an yi waɗannan, in mai saye ya nace sai an zuba bayanan a bulokcen, a zuba masa, shi ya biya kuɗin.